Ministan Tsaro da Aikinsa: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan jawabi ne domin hakiman ƙasashen Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa, da magatakardansu, da sauran malaman ofisoshinsu, a zamansu na garin Yako. 

Soja ba baƙo ba ne a wannan yanki. Cikin 2017 aka mai da dajin Falgore filin koyar da soja, domin a raba shi da ɓarayin shanu da masu sace mutane waɗanda suka mai da shi maɓoyarsu, daga nan kuwa talakawan Doguwa da Tudun Wada suka saba da ganin motocin soja a kan hanyar Jos. Talaka in ya ga abin da ya ɗaure masa kai ba bariki ya kan nufa ba. Ƙofar mai unguwa ya kan je, mai unguwa ya kai shi ga dagaci, dagaci ya kawo shi gaban hakimi. Tambayarsa kuwa ita ce: wa ke da soja? Wa ya aiko su, kuma in ɗayansu ya yi abin da bai kamata ba, wa zai tsawata masa?

Hakimin da ya amsa ya ce Janar ne, rabin gaskiya ya faɗa. Bisa ga dokar Nijeriya akwai waɗansu mutane a sama da Janar, ba su sa kaki, ba su rataya bindiga, amma linzamin soja yana hannunsu. Babbansu shi ne Shugaban Ƙasa. Wanda ya wakilta domin ya lura da sha'anin soja yau da gobe kuwa shi ne Ministan Tsaro. Yadda aka yi wannan muƙami ya samu, da yadda aka taɓa rasa shi, da abin da ya shafi hakimi a cikinsa, su ne za a bayyana.

Linzami a London

Mutanen kudancin Kano ba su bukatar a koya musu mene ne yaƙi. Kufan ganuwa da ke kewaye da tsofaffin garuruwa, da suna irin na Kafin Maiyaƙi, sun isa shaida cewa nan bakin daga ne a zamanin da Ningawa ke kawo hari, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. A wancan lokaci ba a raba mai mulki da mayaƙi ba. Hakimi ne ke tara haraji, shi ne kuma ke fitowa da dawakinsa da 'yan baka in an buga tambari, bindigogi kuwa suna hannun manyan bayin Sarki. Tsarin ya yi aiki muddin kowa yana bin Sarki guda. Ran da aka sami saɓani a kan gadon sarauta, cikin 1893, kowane mai doki ya zaɓi gefensa, aka yi Basasa, Kano ta ci kanta da kanta.

Shekara goma bayan haka wani irin soja ya zo. Ran 29 ga watan Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja fiye da 700, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Bebeji ce gari na farko da ya rufe musu ƙofa. Aka harba igwa ta fasa ƙofar, Sarkin garin ya rasu a nan, ran 3 ga Fabrairu kuwa suka shiga birnin Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Abin lura shi ne, yawancin waɗanda suka ja igwar nan 'ya'yan ƙasa ne, da Hausa ma ake ba su oda. Amma wanda ya ce su tashi Gwamna Lugga ne, shi kuma London yake wa biyayya, ko da yake a wannan karo manyansa na London sun yi gunagunin bai shawarce su da wuri ba.

Haka aka zauna shekara hamsin da biyar. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi samari daga ƙauyukan Arewa an kai su Habasha da Bama, babu majalisar 'yan ƙasa da aka tambaya ko ta yarda. Sai ran 1 ga watan Afrilu 1958 Ma'aikatar Yaƙi ta London ta saki sojan Nijeriya, ta bar wa Gwamnatin Tarayya iko da su da nauyin biyansu. Duk da haka maganar ƙarshe tana wurin Gwamna-Janar, Sir James Robertson, har aka sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960.

Hakimin Balala

Ya kamata hakimai su san cewa mutumin da ya aza harsashin wannan muƙami ɗan'uwansu ne a aiki. Alhaji Muhammadu Ribaɗu ɗan hakimi ne daga ƙasar Adamawa. Ya yi malanta a Midil ta Yola, ya riƙe ƙasar Balala, ya yi Ma'ajin En'e ta Adamawa, sa'an nan ya tafi Ikko ya riƙe ma'aikatu dabam dabam tun daga 1952. Cikin 1960 Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya danƙa masa Ma'aikatar Tsaro. Bai taɓa yin fareti ba. Abin da ya sani shi ne lissafin baitulmali, da sanin halin mutane, da iya tsayawa a gaban majalisa ya kare abin da ya nema, waɗannan kuwa su ne kayan aikin muƙamin.

Sojan da ya tarar kaɗan ne, kuma galibin hafsoshinsu Turawan Ingila ne. Cikin shekara biyar ya sake musu kama. An kafa Makarantar Horar da Hafsoshi a Kaduna cikin Fabrairu 1964 da taimakon Indiya, domin a daina dogara ga Sandhurst ta Ingila. A wannan shekara dai Majalisa ta yi dokar kafa sojan sama, Jamus ta Yamma ta aiko da masu koyarwa, aka kuma kafa masana'antar ƙera makamai a Kaduna. Sojan Nijeriya sun yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango daga 1960 zuwa 1964, an kuma aika da bataliya guda Tanganyika cikin 1964 bayan sojan can sun yi wa gwamnatinsu bore. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hafsa ne ya yanke shi ba. Majalisar Ministoci ce ta yanke, Minista ya kai wa Majalisar Wakilai ya nemi kuɗi. Haka nan yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Ingila cikin 1960: da ɗalibai da 'yan hamayya suka tsaya a kan cewa ta rage darajar mulkin kai, gwamnati ta warware ta cikin Janairu 1962, ba a jira yardar bariki ba.

Shawarar da ta fi kowacce tasiri a zamaninsa ita ce ta rabon gurabe. Kurata daga Arewa suna da yawa tun asali, amma hafsoshi 'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba, saboda ƙarancin makarantun sakandare. Daga 1961 aka tsai da cewa cikin kowane ɗari na masu shiga aikin hafsa, 50 su fito daga Arewa, 25 daga Gabas, 25 daga Yamma. Ƙaramin Ministan Soja, Alhaji Ibrahim Tako Galadiman Bida, ya bi makarantu yana jan hankalin samari. Mutanen Kudu da yawa sun ga an tauye cancanta, mutanen Arewa suka ga an gyara karkata, har yau kuma ba a gama wannan gardama ba. Abin da ba shi da gardama shi ne, alƙalamin farar hula ne ya ƙayyade su wa za su zama manyan soja bayan shekara ashirin. Cikin samarin da suka shiga a 1962 akwai Muhammadu Buhari, da Ibrahim Babangida, da Sani Abacha. Mai shuka ba kullum ya kan san abin da zai tsiro ba.

Rikicin ƙarshen 1964

An jarraba wannan tsari jarrabawa mai tsanani a ƙarshen 1964, labarin kuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa ne aka amsa tambayar talakan nan a fili.

Ran 30 ga Disamba 1964 aka yi zaɓen Tarayya. Jam'iyyun da ke hamayya da gwamnati suka ƙaurace masa a Gabas da waɗansu wurare, suka ce an hana 'yan takararsu tsayawa. Shugaban Ƙasa, Dokta Nnamdi Azikiwe, ya ƙi kiran Alhaji Abubakar ya kafa sabuwar gwamnati. Tsarin Mulki na 1963 ya kira Shugaban Ƙasa da sunan Babban Kwamandan Askarawa, kuma hafsoshi da sunansa suka yi rantsuwa. Saboda haka ya kira shugabannin rundunoni, watau Manjo-Janar Welby-Everard na sojan ƙasa, wanda Bature ne, da Kwamado Wey na sojan ruwa, da Sufeto-Janar na 'yan sanda Louis Edet, ya tuna musu da rantsuwarsu.

Su kuwa ba su ce wane ya fi gaskiya a kan zaɓe ba, domin wannan ba aikinsu ba ne. Sun nemi masana shari'a su duba musu takarda. Aka duba, aka ga sunan Babban Kwamanda girmamawa ce, amma dokar soja ta 1960 ta sa ikon tura soja aiki a hannun Majalisar Ministoci da Firayim Minista, sha'anin horo da gudanarwa kuwa a hannun Majalisar Soja wadda Ministan Tsaro ke ciki. Suka sanar da Shugaban Ƙasa haka cikin ladabi. Da ya ga babu bindiga a bayansa, kuma manyan alƙalai, Sir Adetokunbo Ademola da Sir Louis Mbanefo, sun shiga tsakani, ran 4 ga Janairu 1965 ya kira Alhaji Abubakar ya kafa gwamnati mai faɗi.

Ƙasa ta tsira a wannan karo domin masu bindiga sun tambayi abin da doka ta ce, sun kuma bi shi. Amma akwai abin da ya ɓaci wanda ba a lura da shi ba a lokacin. Ƙananan hafsoshi sun ga manyan ƙasa biyu kowanne yana leƙen bariki ya ga ko ina za ta karkata, suka gane cewa abin da ke hannunsu yana iya raba gardamar siyasa. An riga an tura su ƙasar Tibi cikin 1960 da 1964 domin kwantar da tarzomar da asalinta siyasa ce. Gwamnatin da ta yawaita kiran soja a kan rigimar cikin gida tana koya musu hanyar fada ne da kanta.

Cikin Fabrairu 1965 Welby-Everard ya koma gida, gwamnati ta zaɓi Aguiyi-Ironsi daga cikin birgediyoyi huɗu ya gaje shi. Ran 1 ga Mayu 1965 Allah ya yi wa Alhaji Muhammadu Ribaɗu rasuwa. Wanda ya gaje shi Bakano ne, Alhaji Inuwa Wada, Magajin Garin Kano, tsohon malamin makaranta kuma jagoran 'yan sikawut, wanda ya daɗe yana riƙe da Ma'aikatar Ayyuka. Wata takwas kacal ya yi. Daren 15 ga Janairu 1966 waɗansu manjoji suka kashe Firayim Minista, da Sardaunan Sakkwato, da Firimiyan Yamma Akintola, da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, suka kuma kashe manyansu na cikin kaki, irin su Birgediya Zakariya Maimalari, da Birgediya Ademulegun, da Kanar Kur Muhammad. Washegari ministocin da suka ragu suka miƙa mulki ga Ironsi. Ya kamata a riƙe wannan: ran da soja ya tsinke linzamin farar hula, a ran nan ya tsinke na hafsoshinsa.

Shekarun kaki

Daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga daren 31 ga Disamba 1983 zuwa 29 ga Mayu 1999, soja ne ke mulki. Sunan ma'aikatar bai ɓace ba, amma ma'anarsa ta ɓace, gama mai lura da wanda ake lura da shi sun zama abu guda. Sojan da bai wuce kimanin 10,000 ba kafin Yaƙin Basasa ya kai wajen 250,000 da aka gama shi cikin 1970, babu majalisar da za ta tambayi nawa aka kashe. Misali biyu sun isa, duka kuwa sun taɓa Kano. Kwamishinan Tsaro na Tarayya a zamanin Janar Murtala Muhammad, watau Manjo-Janar Bisalla, yana cikin waɗanda kotun soja ta sama da hannu a tawayen da aka kashe Murtala a cikinsa ran 13 ga Fabrairu 1976, aka harbe shi. Cikin 1993 kuma, da aka kafa gwamnatin riƙo ta Cif Ernest Shonekan, aka bar Janar Sani Abacha da kakinsa a kan kujerar tsaro. Kafin wata uku su cika, ran 17 ga Nuwamba, ya karɓe mulkin. Da Cif Obasanjo ya hau cikin 1999, ɗaya daga cikin ayyukansa na farko shi ne sallamar hafsoshi 93 waɗanda suka taɓa riƙe muƙaman siyasa, domin wanda ya ɗanɗana gidan gwamna da wuya ya sake jin daɗin bariki.

Abin da doka ta ce yanzu

Tsarin Mulki na 1999 ya gyara kuskuren 1963 ta wurin haɗa suna da iko a hannu guda. Shugaban Ƙasa, wanda talakawa suka zaɓa, shi ne Babban Kwamandan Askarawa, sashe na 218 kuwa ya ba shi ikon tura soja aiki da naɗa manyan hafsoshi. Oda ta yaƙi daga gare shi take saukowa zuwa ga Babban Hafsan Tsaro da shugabannin sojan ƙasa da na ruwa da na sama. Minista ba ya tsara yadda za a kewaye daji, ba ya gaya wa kyaftin inda zai kafa bindiga. Gaskiya ma ikonsa bai kai na zamanin Ribaɗu ba, tun da yake manyan hafsoshi suna da hanyar shiga wurin Shugaban Ƙasa kai tsaye, kuma akwai Mai Ba da Shawara kan Tsaro a fadar.

To, mene ne aikinsa? Shi ne ke tsara manufar tsaro ya kai Majalisar Zartaswa. Shi ne ke kai kasafin kuɗin soja gaban Majalisar Wakilai da Majalisar Dattijai ya kare shi, Babban Sakataren ma'aikatar kuwa, wanda ma'aikacin gwamnati ne, shi ke riƙe da littattafan lissafi. Yana cikin Majalisar Tsaron Ƙasa tare da Shugaban Ƙasa da Mataimakinsa da manyan hafsoshi, yana kuma shugabantar Majalisar Sojan Ƙasa, inda ake duba ƙarin girma da ritaya da horon manyan hafsoshi. Sayen kayan yaƙi, da gina bariki, da fanshon tsofaffin soja, da yarjejeniya da ƙasashen waje, duk suna bi ta ofishinsa a Abuja. Fiye da duka, shi ne wanda za a iya kira a titsiye. Sai Majalisar Dattijai ta tantance shi kafin ya hau, Majalisa tana iya kiransa ya yi bayani, Shugaban Ƙasa yana iya sauke shi da takarda guda ba tare da kowa ya ji tsoron abin da zai faru da dare ba. Hakimai sun san irin wannan matsayi, domin su ma ba su ne ke noma gonakin ƙasarsu ba, amma in ƙasar ta ɓaci su ake kira fada.

Kada a ɗauka maganar lissafi ƙaramar magana ce. Cikin 2014 soja a Maiduguri suka yi wa kwamandansu bore, waɗansu kuma suka ƙi fita, suna kukan ba a ba su makaman da za su tari Boko Haram ba, aka yanke wa da dama hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Cikin 2015 aka kafa kwamitin binciken sayen makamai, aka yi zargin kuɗi fiye da dala biliyan 2 sun bi ta wani ofishi dabam, ba ta hanyar da aka saba ba. Kuɗin da ya kauce wa idon Majalisa, kurtun da aka ɗauka daga ƙauye ne ke biyansa da ransa.

Shi ma Shugaban Ƙasa an yi masa takunkumi. Sashe na 5 ya ce ba zai ƙaddamar da yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisu biyu sun zauna tare sun yarda, ba zai kuma tura soja faɗa a wajen Nijeriya ba sai da iznin Majalisar Dattijai. In gaggawa ta tilasta, sai ya nemi iznin cikin kwana 7, su kuma su amsa cikin kwana 14. An ga amfanin wannan cikin Agusta 2023, bayan soja sun kifar da gwamnati a Nijar. Shugaba Tinubu ya rubuta wa Dattijai a kan shirin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma na amfani da ƙarfi, Dattijai suka ba da shawara a bi hanyar sulhu, waɗanda suka fi ɗaga murya kuwa wakilan jihohin da ke da dangi a Maraɗi da Damagaram ne.

Akwai wata al'ada da ta cancanci a faɗi albarkacin baki a kanta. Tun 1999 an yi ta sauyawa tsakanin farar hula na asali da janar mai ritaya. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya riƙe kujerar daga 2003 zuwa 2006, Alhaji Yayale Ahmed ya karɓa cikin 2007, Alhaji Badaru Abubakar daga 2023 zuwa 2025. A ɗaya gefen akwai Janar Ɗanjuma daga 1999 zuwa 2003, da Janar Aliyu Gusau, da Birgediya Mansur Ɗan Ali, da Manjo-Janar Bashir Magashi na Kano daga 2019 zuwa 2023, sa'an nan cikin Disamba 2025 aka naɗa Janar Christopher Musa, 'yan makonni bayan ya sauka daga muƙamin Babban Hafsan Tsaro. A doka, wanda ya tuɓe kaki farar hula ne, kuma tsohon soja ya san inda ake ɓoye ɓarna, da wuya a ruɗe shi da dogon Turanci. Amma da wuya kuma ya tsananta bincike a kan waɗanda suka kwana rami guda da shi. Amurka ta yi doka cewa sai hafsa ya shekara bakwai a ƙalla da barin aiki kafin ya riƙe wannan kujera, in ba majalisarsu ta ɗauke masa sharaɗin ba, kamar yadda ta yi cikin 1950 da 2017 da 2021. Nijeriya ba ta da irin wannan doka, kuma abu ne da wakilan jama'a ya kamata su duba.

Rabon hakimi

Daga abin da ya gabata hakimi zai gane cewa ba shi da ikon kiran soja, haka shugaban ƙaramar hukuma. Gwamnan jiha ma roƙo yake yi, domin tsaron ƙasa yana cikin abubuwan da aka keɓe wa Tarayya ita kaɗai. Zaman lafiyar cikin gida aikin 'yan sanda ne da farko, sashe na 217 kuwa ya ce soja ba su shiga su taimaki hukumar farar hula ba sai Shugaban Ƙasa ya kira su. Saboda haka in an ga baƙin fuska da makamai a bakin daji wajen Riruwai ko Falgore, labarin ya tafi ga babban ɗan sandan yanki, da shugaban ƙaramar hukuma, da fadar Sarki, a rana guda, a rubuce. In akwai sansanin soja kusa, sanar da hafsan wurin daidai ne, shi ya san wanda zai nemi izni a wurinsa. Abin da ba daidai ba ne shi ne a jawo soja cikin rikicin gona, ko bin bashi, ko gardamar manomi da makiyayi, ko da mai ƙara yana da ɗa ko suruki a bariki. Hakimin da ya bar wannan ƙofa a buɗe, wata rana a kansa za a shigo ta cikinta. Haka nan hafsa ba shi da ikon ba hakimi oda, ko ya yi shari'ar talaka, ko ya sa tara a kasuwa.

In kuwa soja ya cuci talaka, nan ne aikin magatakarda ya fi na kowa nauyi. Kukan baki ya kan mutu a zaure. A rubuta rana da sa'a da wuri, da lambar mota in an gani, da sunan da ke ƙirjin riga, da sunayen shaidu, da takardar asibiti in akwai rauni. A aika wa hafsan sansanin, a ajiye kwafi, a aika wa fada da ƙaramar hukuma. In ba a ji amsa ba, akwai Birged ta 3 a barikin Bukavu a Kano, sama da ita akwai Runduna ta 1 a Kaduna, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam wadda aka kafa cikin 1995. Ƙasashen nan huɗu suna da kujera biyu a Majalisar Wakilai, ta Kiru da Bebeji, da ta Doguwa da Tudun Wada, ga kuma Sanatan Kano ta Kudu, kowannensu yana iya ajiye takardar koke a gaban Majalisa har a kira Minista ya amsa. Ba a ce hanyar tana da sauri ba. Amma sa'ad da jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna ran 3 ga Disamba 2023, aka binne mutum 85 a ƙalla, rundunar ta amsa laifinta, shugabanta ya je garin da kansa ya ba da haƙuri, Majalisa ta nemi a yi bincike. 

Sauran magana ita ce ta ɗaukar kurata. Rabon guraben da aka fara a zamanin Ribaɗu ya shiga Tsarin Mulki, sashe na 217 ya ce hafsoshi da kurata su fito daga kowane sashe na ƙasa, yanzu kuwa jiha jiha ake rabawa. Abin da ke nuna yaro ɗan Kano ne shi ne takardar shaidar asali, ita kuwa ƙaramar hukuma ba ta bayarwa sai bisa shaidar mai unguwa da dagaci da hakimi. Duk takardar da aka sa wa hannu domin wanda ba a san gidansu ba, gurbin wani yaro na Yako ko Ɗangora aka sayar, ko kuma an miƙa bindigar gwamnati ga wanda ba a san halinsa ba. Magatakarda ya buɗe littafi dabam domin wannan, ya shigar da sunan yaro, da na mahaifinsa, da unguwarsu, da sunan mai unguwar da ya kawo shi, da ranar da aka sa hannu. A kuma riƙa shela a masallatai da kasuwanni cewa neman shiga soja kyauta ne, ta intanet ake cika takardar, Zariya tana cikin wuraren da ake horar da kurata, duk wanda ya nemi kuɗi domin ya samo wa yaro gurbi a kai sunansa ga 'yan sanda.